Ƙirgin da Na Ƙi Saya

Bayan Sallar layya ta bana wasu samari suka tsaya da moto, wato babur, a ƙofar majemata, nan bayan garin Matameye, sun ɗauro buhunan leda cike da fatun raguna. Tun kafin su kwance na san abin da ke ciki, don hancina ya riga idona. Na sa yatsa na ja gashin ɗaya, sai ya biyo ni salin-alin. Sun jibga ɗanya a kan ɗanya, sun ɗaure bakin buhu, sun bar su cikin rana suna yawon neman ƙari. Na ce musu waɗannan kam sai juji. Wanda ya fi su baki ya cire gilashinsa ya ce, "Haba Baba, mene ne abin wuya a sana'ar fata? Ka saya, ka watsa gishiri, ka tura Kano." Na yi dariya har tari ya sarƙe ni. To ku zauna, samari, ku da masu irin tunaninku. Wanda wari ya dama ya koma ta inda iska ke fitowa.

Sunana Hamisu, amma in ka tambayi Hamisu a Matameye za a ce maka wanne. Sai ka ce Majemi, a nuna maka hanya, ko a ce ka bi hancinka. Ina ɗan saurayi mahaifina ya kai ni wurin Baba Ɗan'azumi, wani gajeren tsoho mai hannaye baƙi ƙirin saboda bagaruwa, ya ce masa ga shi nan, kai ya ƙi ɗaukar karatun lakwal, wato boko, a gwada hannu. Na zaci washegari za a miƙo mini wuƙa. Aka miƙo mini kwando. Aikina shi ne in bi gidajen masu tantabaru ina sallama ina neman kashinsu, mata na leƙowa ta katanga suna dariya, suna cewa ga saurayin tantabara ya zo zance. In na dawo sai turmi, in yi ta dakan bagaruwa, ƙurarta na shiga maƙogwaro har yawuna ya koma ruwan ƙasa. Daga nan sai jan ruwa a cika kwatarniyoyi. Damina ta zo ta wuce ban taɓa fata ba, sai dai in ɗauke ta daga nan in ajiye can.

Fatar farko da ya sakar mini ta jar akuya ce, wani baduku ke jiranta zai ɗinka kuben wuƙa. Na jiƙa ta ta yi laushi, na tsoma ta a ruwan toka da kanwa har gashi ya saki. Na shimfiɗa ta a kan gungumen da muke karta, na kama kartaji, ƙarfen nan mai mariƙi biyu, ina turawa ƙasa gashi na zuba. A nan ake gane majemi. In ka danna da yawa ka huda, in ka ji tsoro ka bar tsoka a manne, ta ruɓe ta ɓata maka aiki. Sai ruwan kashin tantabara, wanda ke fitar da tokar ya sa fata ta saki jiki. Sannan bagaruwa, ana murzawa ana juyawa har launin ya ratsa. Ka yanki ɗan gefe ka duba, in tsakiya fari ne, da saura. A ƙarshe man gyaɗa, da shanya a inuwa, da ja a kan gwiwa har hannu ya mutu. Baba ya karɓa ya dunƙule ta cikin tafinsa, ya saki, ta buɗe ba ko layi ɗaya. Ya ce, "To." Yabon da na samu ke nan a wurinsa har ya koma ga Allah, kuma na adana shi da kyau.

Masu sayen kayanmu kowa da halinsa. Baduku zai ɗaga fata sama yana hango rana ta cikinta, yana neman hujin da bai wuce na allura ba don ya karya ciniki. Malamai na son buzu mai gashi fari tas, kuma sai sun nanata tambaya ko yanka ragon aka yi. Makaɗa su ne masu wahalar sha'ani. Mutum zai ja fata a bakin ƙwarya, ya ƙwanƙwasa da yatsa, ya kara kunne, ya ce wannan ba ta da murya, sai ka ce ni na hana ta magana. Da can akwai masu salka da guga, kafin jarka da robar taya su kashe wannan kasuwar. Yanzu kuma ga masu sayen ƙirgi, wato fatar sa da ba a jeme ba, suna lodawa a mota zuwa Najeriya a yi ganda a ci. Abin da kuka saya yau, gobe yana cikin tukunyar wani, ko a wuyan jaririn wani an ɗinke laya da shi.

Abin da ya fi ba ni haushi lokacin ina koyo shi ne tambayoyin Baba. Mutum zai kawo ƙirgi mai kyau, babu huji, maimakon a yi ciniki sai tsoho ya gyara zama. San waye? Da lafiyarsa aka yanka shi ko faɗuwa ya yi? Ina yake kiwo? Wane tafki yake sha? Wa ya ga saifarsa? Wata rana wani baƙo ya kawo ƙirgin da ban taɓa ganin mai faɗinsa ba, kuma da araha. Baba bai sa hannu ba, da sanda ya juya shi, ya ga baƙin jini ya yi dabbare-dabbare a cikin. Ya yi tambayoyinsa, baƙon ya ce san lafiyarsa lau da safe, da rana ya faɗi. Baba ya ce ya ɗauki kayansa ya je ya ƙone. Da mutumin ya tafi yana zage-zage, na ce, "Baba, mun yi asara." Sai ya naɗe hannun riga ya nuna mini wani tabo a damtsensa, rami ne sosai, babban yatsa zai zauna a ciki.

"Wannan ciwon saifa ne," in ji shi. "Ƙirgi ne ya ba ni, kuma a bushe yake ƙamas. Abokin aikina a wuya ya fito masa, shi bai tashi ba. Cutar nan a ƙasa take kwana, Hamisu. Inda jinin dabba mai ita ya zuba, wurin ya ɗauka ke nan, sai a haifi yaro ya yi gemu tana nan. Sa ya ci ciyawa ya haɗa da ƙasa, ya kwaso ta, mu kuma mu kwasa daga gare shi."

Daga ranar ni ma na koyi gyara zama kafin ciniki.

Yanzu bari in gaya muku wane ne Ilu, don labarin muguwar shekarata ba ya tafiya sai da shi. Ɗan kawuna ne, wato taubashina, yana zaune a wani ƙauye gaba da Dungu, sana'arsa amalanke. Shanu biyu gare shi, da su yake ɗaukar bulo da taki da amfanin gona, da su yake ci da iyalinsa. Tun muna yara ba mu taɓa gaisawa kamar mutanen kirki ba. Shi ungulu yake ce mini. In ya shigo kasuwa ya hango ni sai ya ɗaga murya, "Jama'a, me ya mutu a nan?" Ni kuma in ce a ba shofer hanya, motarsa ba ta da birki sai wutsiya. Ranar ɗaurin aurena shi ya sace mini takalma, na shiga gidan surukai ƙafa duk ƙura. Ranar sunan ɗansa na fari na kai masa kyauta a ƙunshe da kyau, ya buɗe a gaban mutane ya tarar da kashin tantabara. Haka muke, kuma babu mutumin da nake jin daɗin gani kamarsa.

Shekarar da nake faɗa muku, damina ta yi gardama, rani kuma ya yi tsawo. Dabbobi suka cinye karan gona, suka cinye danga, suka koma lasar ƙasa. Fatun da ake kawo mini duk sun yi sirara, in ka sa kartaji sai su yage. Sai ruwa ya zo gaba ɗaya da ƙarfi, ya wanke tudu ya tara a kwari. Akwai wani kwari kusa da ƙauyen su Ilu wanda tsofaffin makiyaya ba sa barin shanunsu su sauka, wai a zamanin kakanni garke guda ya taɓa ƙarewa a wurin. Amma gonaki sun cinye wuraren kiwo, tsofaffin sun mutu, kuma a nan ne ciyawa ta fara fitowa kore shar. Wa zai ga laifin Ilu? Shanunsa sun rame har ana ƙirga haƙarƙari. Ya kai su, suka yi ta tsintar 'yar gajeruwar ciyawa har da saiwa da ƙasa.

Wata rana hannuna na cikin kwatarniya har gwiwa sai salula ta yi ƙara. "Ungulu, taho, ga abincinki," in ji Ilu. Dariyar da ya yi ta dole ce, na ji a muryarsa. Ya ce babban sansa ne. Da safe ya ja bulo lafiya lau, da hantsi ya fara rawar jiki, ya durƙusa. Allah ya sa yana kusa, ya samu ya sa masa wuƙa kafin rai ya fita.

Kun san al'adarmu. In dabbar mutum ta faɗi, abu na farko shi ne a ruga da wuƙa kada ta zama mushe. Na biyu, maƙwabta su yi watanda, a kasa naman, kowane gida ya ɗauki kaso ya biya, ko ba ya marmarin nama, don mai dabba ya samu abin da zai haɗa ya sayi wata. Al'ada ce mai kyau, ta rufa wa gidaje da yawa asiri. Mai fata kuma ya sayi ƙirgin da daraja, ba a ja-in-ja a irin wannan rana. Da wannan niyya na hau kabu-kabu. Har na ƙudura zan ba shi fiye da kima, in kuma yi shekara ina yi masa gori.

Na tarar da su a gindin tsamiya. An gama fiɗa, an shimfiɗa ƙirgin gefe, an farke ciki, mata na tsaye da kwanoni. Abin da na fara gani jini ne. Jinin yanka yakan daskare kafin mahauci ya gama wasa wuƙa. Wannan kuwa baƙi ne kamar ruwan marina, yana ta malala cikin yashi, har ta hancin san yana fita. Na ce wa mahaucin ya nuna mini saifa. Ya ɗago ta da hannu biyu. Ta kumbura ta ninka girmanta, ta yi baƙi, tana narkewa tsakanin yatsunsa.

"Ajiye," na ce masa. "Je ka wanke hannu da sabulu. Kada wanda ya ɗauki ko tsoka ɗaya."

Ilu ya yi dariya. "Kun ji ungulu, so take a bar mata duka."

"Ba wasa nake ba, Ilu. Ciwon saifa ne."

Wani dattijo ya ce ai an yanka da sunan Allah, da idonsa ya ga ƙafa na motsi. Na ce ni ban ce mushe ba ne, halal ne, amma halal ɗin da zai kwantar da rabin garin nan. Ilu ya matso kusa da ni ya rage murya.

"Hamisu, in ba a yi watandar nan ba na tashi daga aiki. Sa ɗaya ba ya jan amalanke. Ka yi shiru, a dafa shi ya dahu sosai. To ko ƙirgin ka saya, ai ba cin sa za ka yi ba."

"Ko kyauta ba na so."

A gaban mutanen garinsu na faɗi haka, kuma ban tsaya nan ba. Na je wurin mai gari na yi masa bayani, na kira likitar dabbobi ta salula. Mace ce, Madam muke ce mata, ba ta da yawan magana. Bayan azahar ta iso kan moto, da dogayen takalman roba da safar hannu. Ta leƙa saifar, ta girgiza kai, ta ce babban kuskuren shi ne farke cikin. Ta sa aka kori karnuka da kaji, aka haƙa rami mai zurfi, aka zuba naman da kayan ciki da duk yashin da jini ya taɓa, aka jibga itace, aka watsa esansi, wato fetur, aka cinna. Ta ce duk wanda ya taɓa naman, in ya ga ƙurji ko zazzaɓi ya garzaya asibiti. Da ta tambayi ƙirgin, Ilu ya ce yana ƙasa, ƙarƙashin itacen. Cikin hayaƙi da hayaniya babu wanda ya tona ya duba. Washegari ta dawo ta bi dabbobin garin da allura, ɗaya san Ilu ma ya samu, ya kuma tsira. Amma ranar kam kwanoni sun koma gida wayam.

Da zan tafi Ilu ya rako ni har bakin hanya. Ya ɗan rusuna ya ce, "Malam Hamisu, mun gode da ɗawainiya. Allah ya kai ka gida lafiya." Da zagina ya yi, ko marina, da na tafi da sauƙi. Tunda uwata ta haife ni Ilu bai taɓa ce mini Malam ba.

Haka aka yi ta tafiya har gero ya kai gwiwa. Amalanke na jingine, shi kuma yana ƙwadago a gonakin mutane. In ya shigo kasuwa zai zo har rumfata, ya yi sallama, ya tambayi iyali da gajiya, ya wuce. Babu abin da ban gwada ba. Na ce shofer ina mota, ko jandarma sun ƙwace permin tuƙi? Ya ce Allah ya kyauta. Na fizge masa hula, ya tsaya hannu a baya har na mayar masa da kaina. Na aika da hatsi, aka dawo mini da shi da godiya. Ba zan ɓoye muku ba, abin ya ci ni. Na san abin da na yi daidai ne, amma sanin bai sa tuwo ya yi mini daɗi ba.

Wata safiya sai ga Hajo, matarsa, a ƙofar majema, ita da ta rantse ƙafarta ba za ta taɓa taka nan ba saboda wari. Ko mayafi ba ta kai hanci ba.

"Yaya Hamisu, ɗan'uwanka ba lafiya. Ya hana a gaya maka."

Ashe ƙirgin bai shiga rami ba. Cikin hayaniyar nan ya ja shi ya ɓoye bayan rumbu, daga baya ya kafe shi a rana ya bushe. A ganinsa cuta a nama take, abin da rana ta gasa kuwa ya tsarkaka. Kwanakin baya ya naɗe shi ya saɓa a wuya zuwa bakin kwalta, zai ba masu motar ganda. Ruwa ya tare shi, motar ba ta zo ba, ya sake saɓo shi a jiƙe ya dawo gida. Sai wani ɗan ƙurji ya fito masa a gefen wuya, yana ƙaiƙayi, babu zafi. Yanzu kan ƙurjin ya yi baƙi kamar gawayi, wuyan ya kumbura har haɓa, kuma an aika a kira wanzami ya tsaga.

Na bar fatun mutane a cikin bagaruwa, na tare mana kabu-kabu. Na tarar da wanzamin a zaure ya buɗe zabira yana wasa aska. Na ce ya yi wa Allah ya mayar da ita, wannan in aka tsaga shi cikin jiki zai bazu. Mutumin kirki ne, ya leƙa ya ga baƙin kan, ya naɗe kayansa. Ilu na kwance kan tabarma, jiki zafi rau, numfashi da ƙyar, fuska ta karkace gefe guda.

"Malam Hamisu," ya ce can ƙasa, "ba a kira ka ba."

"Ba wurinka na zo ba, kayana na zo ɗauka. Kai ɗan kawuna ne. Rigarka tawa ce, kai kanka nawa ne, ko gaban alƙali aka je haka za a ce. Hajo, kama ƙafafun."

Ba zai iya zama kan moto ba, mota kuma ba ta shiga ƙauyen da damina, hanyar duk yashi ce da ruwa. Sai amalanke. Shanun garin gaba ɗaya suna can gonaki masu nisa ana huɗa, babu ko ɗaya a turke sai nasa guda. Muka ɗaura masa karkiya a gefe ɗaya, ɗaya gefen ya faɗi ƙasa. Na duba hagu na duba dama. Na cire riga na naɗe a kafaɗa, na sa wuyana a wurin da babban san yake sa nasa. Hajo na gaba riƙe da igiya, wanzami da wani maƙwabci na turawa ta baya.

Ku da kuke cewa sana'ar fata saye ne da gishiri, ina ma kun gan ni ranar. Ga ni da furfurata ina tafiya kafaɗa da kafaɗa da sa, yana hura mini numfashi a kunne, yana taka ni in na yi jinkiri, wutsiyarsa na korar ƙuda a bayana. Hajo ta saba da shanunsu, in taya ta maƙale a yashi sai ta manta ta daka mana tsawa mu duka biyu. Masu noma suka riƙa ɗagowa suna salati, wasu na dariya har da riƙe ciki. Da suka gane wanda ke kwance a baya sai suka yar da hauya suka zo suka kama. Ilu idonsa biyu, yana kallon ƙeyata. A bakin kwalta muka tare mota zuwa Matameye.

Majo, wato babban malamin asibitin, kallo ɗaya ya yi wa wuyan ya tambaya ko mahauci ne ko mai fata. Ya ce da an ƙara jinkiri kumburin zai shaƙe shi. Aka ɗaura masa ruwa, aka shiga yi masa allurai. Ni kuma da kafaɗa a saluɓe na koma ƙauyen tare da Madam, muka jawo ƙirgin da sanda mai ƙugiya muka ƙone, muka kankare ƙasar bayan rumbun. Ita ta ƙarasa mini bayanin da Baba ya fara. Ƙwayar cutar in ta sha iska sai ta yi wa kanta ɓawo kamar iri. Rana ba ta kashe ta, gishirinku ba ya kashe ta. Ruwa ya kwashe ta ya tara a kwari, kare da ƙuda su raba ta, ta zauna tana jiran shekarar da yunwa za ta sa dabba ta kai baki ƙasa. Aka kewaye kwarin da ƙaya. Mutanen da suka ga wuyan Ilu suka tuna kwanoninsu da naman da suka kusa ci. Mai gari ya ce watandar da ba a yi ba za a yi ta ba tare da nama ba, kowane gida ya ba da abin da ya samu in kaka ta yi, a saya masa sa. Tun daga lokacin ba sa wasa da allurar dabbobi kafin damina. Saboda haka, samari, in za ku sayi fata ku tambayi yadda dabbar ta mutu da inda ta yi kiwo. Wanda ya ji haushin tambayar ku bar masa kayansa.

Ilu kuwa ya daɗe bai iya magana ba. Kullum da safe nakan je in zauna a bakin gadonsa in yi masa sannu, ya lumshe ido ya juya kai bango. Na riga na haƙura. Na ce in dai ya rayu, ya yi ta ce mini Malam har mu mutu. Ranar da kumburin ya sace na shiga na tarar an jingina shi da matashi, Hajo na ba shi kunu a cokali, majo na wanke wuyan. Na yi sallama. Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya daɗe yana kallo, sannan ya juya wurin matarsa, murya a shaƙe kamar ta tsohon zakara.

"Hajo."

"Na'am, mai gida."

"Sabon san nan da kuka ɗaura mini ran nan, wa ya sayo shi?"

Hajo ta dube ni, ta dube shi, cokali a hannu.

"Ranar kasuwa a mayar da shi. Ba ya ja, sai nishi. Tunda nake tuƙi ban taɓa ganin raggon sa irinsa ba."

Majo ya tsaya da auduga a hannu bai gane ba. Ni kuwa na zauna dirshan a ƙasa ina dariya, hawaye na zuba a gemuna. Na ce masa ya bari ya warke, zai ga wanda za a kai kasuwa. Ya ɗaga hannun da babu allura, a hankali, ya toshe hanci.

"Majo," in ji shi, "don Allah a buɗe taga."